Ƙafa ta Takwas

Shekara ashirin da biyu ke nan rabon garin da jirgin ƙasa. Layin dogon yana nan, ciyawa ta cinye rabinsa. Abin da 'yan reluwe suka bari shi ne taragon fasinja guda ɗaya, wanda suka ce za su dawo su ɗauka.

Bana aka kafa kwamiti. Aka kori awaki daga tashar jirgin, aka share, aka shafa wa taragon koren fenti, aka ce wurin ya zama gidan tarihi. Ranar buɗewa za a cika taragon da baƙi, majiya ƙarfi su turo shi daga tankin ruwa zuwa ƙofar tasha, taku ɗari uku, don a ce jirgi ya sake shigowa gari.

Sai aka tuna da Mai Guduma. Shekara talatin ya yi a tashar yana aiki ɗaya: jirgi na tsayawa, ya bi gefensa da guduma mai doguwar ƙota yana bugun ƙafafun ƙarfen ɗaya bayan ɗaya. Lafiyayyar ƙafa amo take yi mai tsawo, kamar ƙararrawa. Mai tsaga kuwa sai ta ce tif, ta yi shiru. In ya ji haka sai ya zana mata gicciye da alli, kuma taragon ba zai bar tashar ba ko wane ne a ciki. Yanzu gwiwa ta tafi, haƙora sun bi ta. Abin da ya rage masa a garin magana ce ɗaya, wai kunnen Mai Guduma bai taɓa yin ƙarya ba.

Ciyaman ɗin kwamitin ɗan ƙanwarsa ne. "Kawu, don hoto ne kawai," in ji shi. "Ka ɗan ƙwanƙwasa, a tafa maka."

"Ba na bugu don hoto. In zan duba, ana gobe biki zan duba, kafin kowa ya hau."

Ana gobe bikin, da hantsi ya je. Ya buga ƙafa ta farko, ta ce tif. Ya sake, tif. Ya ciro alli. Haka ya zagaye taragon yana jan gwiwa, har gicciye takwas suka fito fari fat a kan sabon fenti.

"Duka takwas?" in ji Ciyaman.

"Duka."

"Kawu, mutum ɗari biyu muka aika wa kati."

"Sai ka sake aika musu."

Masu turin, yawancinsu 'ya'yan tsofaffin ma'aikatan reluwe ne, suka ja da baya. Babbansu ya ce a gidansu ba a taɓa tarago mai alli. Ciyaman ya shige ofishin tasha ya rufo ƙofa.

Maƙeri, wanda suka taso tare da Mai Guduma, yana zaune a kan dogo yana kallo. Sai da mutane suka watse ya ce, "Kai tsoho, a shekara talatin ƙafa nawa ka kashe?"

"Goma sha tara."

"Yau kuma takwas kafin rana ta take. Ko annoba ce ta shiga taragon? Miƙo gudumar nan."

Ya rataye gudumar da zare, ya ɗan buge ta da ƙusa. Ta ce tif. Ya kankare tsatsar da farce, sai ga tsaga siririya kamar silin gashi, daga ramin ƙota har baki.

Mai Guduma ya daɗe yana kallon tsagar.

"Ba wanda ya gani sai ni," in ji Maƙeri, "ni kuwa kowa ya san idona ya mutu. Ka bar allinka yadda yake. Su yi bikinsu da tarago a tsaye, me zai ragu?"

A gida Mai Guduma ya aje gudumar gaban matarsa, ya nuna mata wurin.

"Yo, Malam, da me kake tsammani nake kafa turken awaki duk shekarun nan?" ta ce. "Har duwatsun murhun nan da ita na fasa. Ai na ɗauka ta gama aiki, kamar mai ita."

Ya kwanta a tabarma ya juya wa ƙofa baya. In ya yi shiru, zai mutu da sunansa. Amma a aikinsu, wanda ya zana alli bisa kuskure shi ke gogewa da hannunsa, a gaban jama'a, ba ya aika kowa. Ya taɓa ganin an sa wani direba kuka a kan abin da bai kai wannan ba.

Da yamma ya jiƙa tsumma, ya biya ta maƙera ya ari guduma, ya koma tasha. 'Yan kwamiti suna jera kujeru ba kuzari.

"Gudumata ce ta tsage," ya ce. "Ba ƙafafun ba."

Sai wani ya tuntsire da dariya, sauran suka kama. "Ashe likitan ne ba lafiya!" in ji babban masu turi. Ciyaman ya fito yana murmushi, har da dafa masa kafaɗa.

Mai Guduma ya goge gicciyen farko, ya buga da gudumar aro. Amon ya tashi tar, ya daɗe a iska. Rabonsa da jin wannan sauti tun jirgin ƙarshe. Ta biyu ma haka, ta uku, har ta bakwai, ana ta yi masa shewa.

Ta takwas ta ce tif.

Ya matsa gefe ya sake bugawa. Ya koma ta bakwai, ta yi amo. Ya dawo, tif.

"Wannan kam da gaske ne," ya ce.

"Kawu, ka gaji."

"Ka zo ka saurara da kanka."

"Ni duk ɗaya nake jin su. Da safe takwas, yanzu ɗaya, gobe kuma nawa?"

Mai Guduma ya waiwayi Maƙeri, wanda ya biyo shi tashar. Maƙeri ya sosa ƙeya ya ce shi ƙarfe mai zafi ya sani. Masu turin suna kallon ƙasa. Mai fenti ya zo da burushi, ya ce, "Gafara dai, Baba," ya shafe gicciyen da kore.

Washegari taragon ya cika maƙil, mata da jarirai a taga. Aka kai wa Mai Guduma kujera a sahun gaba, ya ƙi zama. Da aka busa usur aka fara turi, sai ya tsaya dab da ƙafa ta takwas ya bi ta, a sunkuye, kunnensa wajen ƙarfen. Mai hoto ya yi ta ɗaga masa hannu ya kauce. Kiɗa da ihu sun hana shi jin komai. Ya dai ga ƙafar tana juyawa a hankali, tana murƙushe busasshiyar ciyawa, shi kuma yana ƙirga taku, gwiwarsa na sara.

A taku na ɗari uku da shida taragon ya tsaya a ƙofar tasha. Aka yi tafi. Baƙi suka sauko lafiya.

Ciyaman ya sunkuyo, gumi na zuba. "Ka gani, Kawu?"

"Na gani."

"An ce kowace Asabar za mu riƙa yi. Mutane sun ji daɗi."

Mai Guduma ya zauna a kan dogo, ya miƙe ƙafar da ke ciwo, ya jira numfashinsa ya dawo.

"Ƙarfe nawa?" ya ce.