Kwanon Kikue

Shizuyo ta miƙa tikiti biyu, yarinyar da ke bakin ƙofar silimar ta leƙa bayanta tana neman mai na biyun.

"Tana hanya," in ji Shizuyo, ta rungume jakar cefanenta ta wuce.

Ba hanya take ba, a cikin jakar take, a wani ɗan farin tulu da aka naɗe da ƙyalle. Tokar gawar yayarta Kikue ce, wadda ta rasu a ɗakin haya a birnin Osaka ba kowa a kanta, aka ƙona bisa al'adarsu. Tun bara tulun ke zaune a saman kabad ɗin Shizuyo. Yanzu gwiwoyi sun ƙi, wata mai kamawa za ta koma gidan kula da tsofaffi, su kuwa sun faɗa mata ba sa karɓar baƙo, ko da na cikin tulu ne. In yayanta Noboru bai yarda an buɗe kabarin gidansu na kan tudu an ajiye Kikue kusa da iyayensu ba, sai dai a kai ta ramin da ake tara waɗanda ba su da kowa.

Ta same shi har ya zauna, cikin baƙar kwat, ya haɗe rai kamar wanda aka kira shaida kotu. Noboru tsohon makanikin jirgin ruwa ne, kuma duk garin Onomichi an san in ya ce a'a, to a nemi wata maganar.

"Ina kwana, Yaya?"

"Rana ta yi, ke. Wannan kayan kuma fa?"

"Cefane ne." Ta ɗora jakar a kujerar da ke tsakaninsu.

"Ki ji ni da kyau. Na zo ne in ga ƙaryar da aka shirga wa gidanmu. Kada ki ɗauko min zancen kabari. Baba ya sa an fasa mata kwano, ta fita daga gidan nan, magana ta ƙare."

Wata matashiya ce mai suna Asami ta shirya fim ɗin, wadda ta tashi a maƙwabtan Kikue tana jin labarinta daga bakinta. An sauya sunaye, amma wa za a ruɗa? Ɗakin cike yake da tsofaffin unguwarsu. Ga Tokuda mai kifi a bayansu, yana ta gyaran murya don a san ya zo. Shizuyo ta saka rai ko in Noboru ya ga wahalar da yayarsu ta sha zuciyarsa za ta yi laushi. Da fitilu suka mutu sai tsoro ya kama ta, don ta tuna an ce fim ɗin akwai ban dariya.

Ai kuwa akwai. Budurwa ta gudu da ɗan wasan kwaikwayo mai yawo gari gari, ta taga ta fita, takalmi a baki. Gari na wayewa uban ya tsaya a bakin ƙofa yana huci, ya sa ɗansa ya ɗauko kwanon tangaran da take cin shinkafa a ciki, a ƙunshe cikin ƙyalle, ya ce ya fasa, yadda ake yi in za a fita da gawa don kada mamaci ya nemi dawowa. Yaron ya ɗaga ƙunshin sama ya maka da ƙasa. Aka buga ganga, kyanwa ta yi tsalle ta faɗa randa, ɗakin ya kwashe da dariya.

Shizuyo ta saci kallon yayanta. Ko ƙifta ido bai yi ba.

Sai ga ƙanwar a fim, ta laɓe a ɗakin wayar bakin titi tana raɗa: "Yaya, kada ki dawo. An fasa kwanonki, da idona na gani." Shizuyo ta ji kamar ta nutse a kujerar. Ita ce. Ba ta taɓa gaya wa kowa ta yi wannan kiran ba, ashe Kikue ta riƙe shi kalma da kalma.

Daga nan matar fim ɗin ba ta ƙara cin abinci a kwano ba. A murfin tukunya take ci, a gwangwani, a tafin hannu. Ɗan wasan ya gudu da ɗan kunnenta, ta ci shinkafa a hularsa. Ta auri direban babbar mota, ya saya mata kwano mai zanen fure, ta mai da shi na kyanwa. Ranar da ya kai mata duka ta rafke shi da daskararren kifi, aka ɗaure ta, a gidan yarin ma sai da ta juye rabonta a kan faranti. Duk sanda ta yi haka sai mutane su fashe da dariya, Tokuda har da dukan bayan kujerar Noboru.

"Kai, Kikue ke nan! Wannan kan nata ai ko guduma sai ta haƙura!"

Hannun Noboru ya damƙe gwiwarsa. Shizuyo ta ga jijiyar wuyansa ta tashi, irin ta babansu sak. Ta ɗora tafinta kan jakar, ranta na cewa ta yi wauta, ta kawo yayarta ta ji ana yi mata dariya, ta kuma rufe ƙofar kabarin da hannunta.

Can wajen ƙarshe dariyar ta fara raguwa. Matar ta tsufa, ta shiga shagon tangaran don ta fake wa ruwan sama. Ta ɗauki wani ɗan jan kwano, ta riƙe shi da hannu biyu ta daɗe. Mai shagon ya ce ko a naɗe mata.

"A'a, ɗana, ni nawa ya daɗe da fashewa," ta ce tana murmushi. "Ƙanena ne ya fasa. Bugu ɗaya. Yaron nan ya iya aiki."

"Ƙarya ne!"

Noboru ne, a tsaye, muryarsa ta cika ɗakin. Kawuna suka juyo. Ya taka ƙafafun mutane ya fita bai ce wa kowa gafara ba, abin da Shizuyo ba ta taɓa gani ya yi ba. Ta sunkuci jakar ta bi shi tana ɗingishi, tana sunkuyar da kai hagu da dama don ba da haƙuri a madadinsa.

Hasken rana ya kashe mata ido. Ta hango shi a rumfar kasuwa, gaban wani shagon da aka rufe tun shekaru, ya juya mata baya.

"Yaya, ka yi haƙuri. Laifina ne, bai kamata in..."

"Ke kika gaya mata?"

"Ni ce."

"Da idonki kika gani."

"Na gani mana, ina bayan Mama a tsaye."

"Me kika gani? Ƙunshi kika gani." Ya juyo, idanunsa sun kaɗa. "Cikin ƙyalle ake naɗewa ko ba haka ba? Wa ya naɗe? Ni aka aika madafa."

Shizuyo ta tsaya tana kallonsa. Sai ta tuna washegarin ranar, babansu na tsula wa Noboru sanda a tsakar gida, wai ya yi sakarci ya ɓatar da kwanonsa, ya yi ta cin abinci a na baƙi har sabuwar shekara.

"Naka ka fasa," ta ce a hankali.

"Nata yana nan. Bayan kabad na sama, a kwalin takalmi. Ko matata ba ta sani ba." Ya share hanci da bayan hannu. "Na ce ranar da ta dawo zan ajiye mata shi a gabanta, in ga fuskarta. Mama ta rasu ba ta zo ba. Baba ya rasu ba ta zo ba. Na ce to ita ce ba ta son mu. Ashe tana can tana ci a murfin tukunya."

Duk tsawon shekarun nan baƙinsa Shizuyo take gani, ita ce mai tausayi, ita ce mai aika wa Kikue busasshen kifi da safa duk sabuwar shekara. Kuka ya zo mata, ga kunya, ga mutane na wucewa da kekuna. Daga cikin silimar aka jiyo tafi.

"Kawo ta nan," in ji Noboru.

"Wa?"

"Haba, Shizuyo. Wa ke saya wa cefane kujera?"

Ta miƙa masa jakar. Ya karɓa da hannu biyu, ya manna ta a ƙirji, ya ɗan jijjiga kamar mai auna nauyi.

"Ba ta da nauyi."

"Dama can ba ta da shi. Tudun za mu?"

"Wane tudu, mutum bai ci abinci ba? Gida za mu. A dafa shinkafa, a zuba mata a kwanonta, ta kwana. Gobe ma hau."

Ya kama hanya, ta bi shi a baya, yana rage sauri saboda gwiwoyinta ba tare da ya waiwayo ba. Sai da suka kai bakin matakalar unguwarsu ya tsaya yana haki.

"In za a fita da ita, ke za ki fasa," ya ce. "Ni dai kin ga ban iya ba."