Ba Tare da Makami Ba

Shanu goma sha ɗaya masu gadin kamfanin furanni suka kashe ranar Litinin ɗin nan, a bakin wayar da suka zagaye idon ruwan Olmesera da ita. Shanun ba laifin da suka yi, ƙishi ne ya kai su, don fari ya shiga wata na takwas. Wadda harsashi bai kayar ba suka bi ta da adda suka datse mata agara, suka bar ta tana jan gindi a ƙasa tana kuka. Makiyayin kuwa karnuka suka sakar masa, sai a baro aka kwaso shi.

Kafin la'asar duk wani saurayin ƙabilar Masai da ke garin ya fito da mashinsa. Ba ka jin komai sai ƙarar ƙarfe a kan dutse. A gabansu akwai Sankale ɗan tsoho Kotikash, wanda shida daga cikin shanun na gidansu ne. Wasa mashi kawai yake yi, idonsa jawur.

Tsoho Kotikash ya tsaya yana kallonsa. 'Ya'ya maza biyu Allah ya ba shi. Babban ya tafi faɗan shanu shekara goma da suka wuce, aka dawo da shi a ƙunshe cikin fata. Sankale kaɗai ya rage. Tsohon ya san abin da ke bayan wayar nan, bindigogi ne, kuma ya san ɗansa, shi zai fara tsallakawa. Shanu su mutu, ruwa ya ƙafe, duk ya ji zai iya ɗauka. Abu ɗaya yake so, yaron nan ya je ya dawo da ƙafarsa.

To shi Kotikash yana da wani ɗan littafi da ba ya rabuwa da shi, a jakar fata ɗaya da tabar shaƙarsa. Katiba ce, tsarin mulkin ƙasa. Ko harafi ɗaya bai iya karantawa ba, amma ka taɓa littafin nan ka ji baƙar magana. Tun shekarar da aka yi ƙuri'ar amincewa da ita aka raba musu a kasuwa. Ranar ya yi tafiyar awa uku ya dangwala wa kore, alamar amincewa, ya dawo yana nuna wa kowa tawadar yatsansa. Yakan ce Katibar da a Landan aka rubuta ta, shugabanni suka yi ta yi mata faci har ta zama rigar mutum ɗaya, amma wannan da bakinsu aka yi ta, don shi da kansa ya yi magana gaban masu jin ra'ayin jama'a. Abokin tsararsa Tipape, mutum mai bakin tsiya, ba ya kiran littafin da komai sai "amaryar Kotikash".

Washegari dattawa suka kira taro a gindin wani itacen ƙaya. A wurinmu ba a tashi a yi magana a taro hannu sake. Mai magana yana riƙe da orinka, ɗan kulkin nan na magana, kuma muddin ya ɗaga shi babu mai katse shi, ko da shirme yake zubawa. Na Kotikash gadon ubansa ne, baƙi, bai fi kamu ɗaya ba, an lulluɓe shi da duwatsun ado shuɗi da fari. Ya zaro shi daga ɗamararsa, wuri ya yi tsit. Sai ya sa 'yarsa Nalepo, malamar firamare, ta karanto sashe na talatin da bakwai na Katiba daga gefen da mata suke zaune.

Ta karanta da ƙarfi, ta fassara. Kowa yana da 'yancin taruwa, ya yi zanga-zanga, ya miƙa kokensa ga hukuma, cikin lumana, ba tare da makami ba.

"Kun ji," in ji Kotikash. "In muka je da masu, mun ba su dalili, kuma dalilin suke jira. In muka je hannu sake, duk wanda ya taɓa mu ƙasa ya taɓa."

Tipape ya karɓi magana. "Ni tambaya gare ni ga amarya. Mene ne makami? Mashi na yarda. Sandar kiwona fa? Haƙoran matata fa, su ma mu bar su a gida?"

Aka kwashe da dariya, amma Nalepo ta duba gaba ta duba baya, ta ce littafin bai faɗi ba.

"Tunda bai faɗi ba, duka ne," Kotikash ya ce. "Mashi, takobi, kulki, sanda, ko tsinken sakace. Kada mu bar musu ƙofa."

Sankale ya miƙe. "Baba, takarda tana tare harsashi?"

"Mashin yayanka ya tare?"

Maganar ta yi nauyi, har tsohon da kansa ya ji zafinta. Sankale ya sunkuyar da kai ya ce ya ji.

Ranar Alhamis da hantsi aka tara makamai a gindin ƙayar nan har suka yi tudu, aka bar tsofaffin mata suna gadi. Kotikash ya bi samari ɗaya bayan ɗaya yana lalube su. Da ya zo kan ɗansa ya shafa ƙugunsa, babu komai. Ya shafa hammatarsa, sai ga wuƙa ɗaure da tsumma.

"Wannan fa?"

"Ta yankan nama ce, Baba."

"Naman wa?"

Ya kwance ta ya jefa kan tudun. Sannan ya kama hannayen ɗan duka biyu ya buɗe su. "Haka nake so su kasance har mu dawo. Ko an zage ni, ko an mare ni. Ka yi mini alkawari."

"Na yi."

Shi kuwa tsohon babu wanda ya lalube shi. Wa zai lalube dattijo? Orinkarsa tana nan a ɗamara ƙarƙashin jan mayafinsa, inda take kwana take tashi shekara talatin. Da wani zai ce masa wannan ma makami ce, dariya zai yi. Abin da ake rabon faɗa da shi, ake ɗaura aure, ake sa albarka, shi ne makami? Ai wannan baki ne.

Mutum kusan ɗari uku suka tafi, maza da mata. Samarin sai lilo suke da hannuwa, sun rasa inda za su sa su, don tun suna yara ba su taɓa tafiya ba sanda ba. Tipape ya ce shi ji yake kamar ya fito ba zane.

A ƙofar kamfanin suka tarar da motoci biyu na 'yan sandan kwantar da tarzoma, da garkuwa da kulake, wasu da bindigogi, masu gadi kuma a bayansu riƙe da karnuka. Shugaban 'yan sandan wani gajere ne mai baƙin tabarau. Jama'a suka tsaya, suka ɗaga hannuwa sama kamar yadda aka shirya. Mai tabarau ya bi layin da kallo daga wannan ƙarshe zuwa wancan, yana neman ƙarfe bai samu ba. Ya yi tsaki, ya koma gefe ya buga waya, ya dawo fuska a murtuke. Kotikash ya ga bakin bindigogi sun fara kallon ƙasa, wani sanyi ya sauka a zuciyarsa. Ya waiwayi Tipape, kallon da ke cewa ka dai ga aikin amarya.

"Wa ke magana a madadinku?" in ji mai tabarau. "Mutum ɗaya, minti biyar."

Kotikash ya fito, Nalepo a bayansa da takardar koke. Amma hayaniya ta yi yawa, mata suna waƙa, samari suna gunaguni, karnuka suna haushi. Ya buɗe baki bai ji muryar kansa ba. Ba tunani ya yi ba, hannunsa ne ya tafi inda ya saba zuwa. Ya sa shi ƙarƙashin mayafi, ya zaro orinka, ya ɗaga ta sama, taki uku daga fuskar mai tabarau.

Mutanenmu suka yi tsit nan take, kamar yadda aka koya musu. A cikin shirun nan ne wani ɗan sanda ya kwatsa ihu.

"Makami!"

Kulkin farko a wuyan hannu ya same shi, ya ji ƙashi ya ce ƙas. Na biyu a baki, haƙora biyu suka faɗo kan ƙirjinsa. Ya zube a gwiwa yana ƙoƙarin cewa ku tsaya, magana zan yi, jini ne kawai ke fitowa. Sai barkonon tsohuwa ya tashi, wuri ya kaure. Aka shiga dukan mutane ba ji ba gani. Aka saki karnuka a cikin mata, ɗaya ya kama wata tsohuwa a cinya yana girgiza ta. Tipape ya faɗi, takalma suka bi ta kansa. An fizge takardar koke daga hannun Nalepo, an ja ta da gashi har mayafinta ya yage. Samari tamanin, waɗanda kowannensu zai iya huda kura da mashi daga nesa, suna kare kawunansu da tafin hannu, yatsu na karyewa.

Su huɗu suka taru a kan Kotikash. Ya daina ƙirga duka, yana dai jin takalmi a haƙarƙarinsa. Sai ya ji nauyi ya faɗo masa, ya ji warin hayaƙi da man shanu, ya gane Sankale ne. Yaron ya kwanta a kansa ya rufe shi ruf, kulake suna sauka a bayansa, tsohon yana jin kowane ɗaya ta cikin jikin ɗansa. A gefensu ga dutse nan, daidai hannu, Kotikash yana ganinsa. Sankale ma ya gan shi, bai taɓa ba.

"Tashi ka gudu," tsohon ya ce cikin jini.

Sankale ya yunƙura, ba don gudu ba. Ya miƙe a kan gwiwoyinsa tsakanin ubansa da su, ya ware hannuwa yana nuna musu. Ƙato ne, ya fi kowannensu tsawo ko a durƙushe, fuskarsa jina-jina. Wani mai bindiga a cikinsu ya ja baya taki ɗaya, ya harba sau biyu.

Ƙarar ta watsa kowa. Da hayaƙi ya lafa sai takalman roba da duwatsun wuya a warwatse, da mutanen da suka kasa tashi. Mai tabarau ya sunkuya ya ɗauki orinka da yatsu biyu, ya karkaɗe ta, ya sa wani yaronsa ya ɗauke shi hoto da waya.

"Ga shi nan," ya ce. "Doka ta ce ba tare da makami ba. Da makami suka zo."

Ko duwatsun adon jikinta bai kalla ba. Ya jefa ta a leda ya shige mota.

Motar ɗaukar madara ce ta tsaya musu, Allah ya saka wa direbanta. Aka kwantar da Sankale tsakanin jarkoki, kansa a cinyar ubansa, Nalepo tana danne cikinsa da mayafinta, jini yana ɓulɓulowa ta tsakanin yatsunta. Asibiti tafiyar awa biyu ce a kan hanyar da duk rami ne. Jakar fata ta tsinke ta faɗo, littafin ya fito, gefensa ya jiƙe. Kotikash bai ɗauka ba. Bai taɓa tsanar wani abu a duniya yadda ya tsani hannunsa na dama a lokacin ba, karyayyen hannun da ke reto a gefensa.

"Ni ne," ya ce. "Kowa ya ajiye nasa. Ni kaɗai na zo da shi."

"Baba, ba makami ba ne," in ji Nalepo tana kuka. "Kotu za ta faɗa. Na rantse kotu za ta faɗa."

"Yaushe?"

Ta ƙara danne raunin da mayafinta.

Sun wuce busasshen rafi ke nan Sankale ya buɗe ido. Leɓensa ya yi fari. Ya nemi fuskar ubansa har ya samu, sannan a hankali ya ɗago hannuwansa biyu, yatsu uku a karye, ya buɗe su a gaban tsohon kamar yadda aka buɗe masa su da safe.

"Duba, Baba," ya ce. "Ba komai."

Kotikash ya kama su da hannunsa mai lafiya ya haɗa su a ƙirjinsa. Yana riƙe da su har suka yi sanyi, motar kuma ba ta ko kai kan kwalta ba.