Ɗakin da Babu Kowa

Dawuda ya fi kowa murna ranar da aka kafa sabuwar na'ura a otal ɗin da yake kula da shi a unguwar Jarwal, cikin Makka. Wani ɗan ido ne aka manna a silin kowane ɗaki. In ya ga motsi sai ya bar mukayyif, wato injin sanyaya ɗaki, yana hura sanyi, in ya ga shiru sai ya ɗauka an tafi Harami, ya kashe komai. Mai otal, Nawaf, ya gaji da sanyaya gadaje da akwatuna, kuma Dawuda ne ya kawo masa shawarar, har da bugun ƙirji.

Sai ga Gwaggo Kabira ta iso daga Kano. Ƙanwar mahaifinsa ce, kuma ita ke jan ayarin mata masu Umara zuwa otal ɗin duk shekara. Inda ta sauka nan suke sauka. In ta tashi, hawa biyu sun zama kango, shi kuma Dawuda ya nemi wani aikin.

Matsalar ita ce wuridin Gwaggo. Bayan la'asar takan zauna kan darduma, ta lulluɓe, ba ta magana, ba ta ko juya wuya. Babban yatsanta kaɗai ke aiki a kan carbi, shi ma a ƙarƙashin mayafi. Ɗan idon nan marar tarbiyya ya duba, ya duba, ya yanke hukuncin babu kowa. Ɗif, sanyi ya ɗauke. Ita kuwa ba ta katse wuridi don zafi, haka ta ƙarasa cikin gumi sharkaf.

Kwana na biyu ta sauko har gaban teburinsa.

"Dauda, wane kafiri ka ajiye min a ɗaki? In ina cin dabino yana ba ni iska. Ina fara ambaton Allah sai ya yi fushi."

"La, ya Gwaggo, wallahi jihaz ne, na'ura ce kawai. Motsi yake nema. Ki ɗan riƙa ɗaga hannu."

"In yi wa silin rawa ina gaban Ubangijina? Gobe in ya sake, mun kwashe kayanmu."

Hankalin Dawuda ya tashi sosai. Ya kira kamfanin da ya kafa abin, suka ce mai gyara sai bayan Juma'a. Ya nemi ɗakin da babu na'urar, sai ya tuna shi da kansa ya dage kada a bar ko ɗaya.

Washegari da la'asar manaja guda, da farar jallabiya da agogo mai tsada, ya yi sallama ɗakin Gwaggo ya rakuɓe a bakin gado. Ta lulluɓe ta fara. Shi kuma ya ɗaga hannuwa biyu sama yana kaɗa wa silin. In ya gaji ya sauke, sai tsoro ya kama shi ya sake ɗagawa. Kafaɗunsa suka yi tsami, wayarsa na ta kuka a aljihu, wuridi kuma ya ƙi ƙarewa. Ya rantse a ransa da gangan take jan sa.

Da ta shafa, ta yaye mayafi ta dube shi, hannuwansa har yanzu a sama.

"Alhamdu lillahi," in ji ta. "An haife ka a Makka, amma sai yau na ga ka ɗaga hannu sama ka daɗe. Gobe ma ka zo da wuri."