Allurar Barcin Baban Nafisa

Tun kafin azumi Salisu yake fama da ciwon ciki, yana shan kanwa yana komawa kan a-daidaita-sahunsa. Ranar da ya yi amai da jini-jini, likita ya ce sai an zura masa siririn bututu mai kyamara ta baki an leƙa cikin. Aka tura shi wani asibiti a Tarauni.

Matarsa Hasana ba bututun take tsoro ba, allurar barcin da za a yi masa ce ta hana ta sukuni. A ƙauyensu ta taɓa jin an yi wa wata mata irinta, ba ta farka ba.

Da safe suka taso daga Gyaɗi-Gyaɗi, ƙanensa Nura ne ya tuƙa su. Likitar da ta karɓe su, Dakta Ummukulsum, ta sa aka auna nauyinsa, ta leƙa maƙogwaronsa, ta ƙare wa kaurin wuyansa kallo.

"Likita," in ji Salisu, "don Allah ki danna min mai ƙarfi. Kin ga girmana, ƙaramar allura ba za ta kayar da ni ba. Ba na son in ji komai."

Dakta ta yi murmushi, ta juya wajen Hasana. "Malama, yana minshari?"

Kunya ta kama Hasana. Ta dubi mijinta, ta sunkuyar da kai. "Yana yi. Har maƙwabta suna ji. Wani lokaci ma sai ya yi tsit kamar numfashin ya ɗauke, sai na taɓa shi ya ja da ƙarfi."

"Kai, Hasana!"

"Gaskiya ce, Baban Nafisa."

Dakta ta daina murmushi. "Gara da kika faɗa. Malam Salisu, maganin nan yana rage ƙarfin numfashi, kuma mai irin barcinka ya fi shiga haɗari. Ba girman jiki kaɗai ake dubawa ba. Kaɗan zan fara sa maka, in jira in ga yadda jikinka ya karɓa. In da buƙata in ƙara. Abin da ya shiga jijiya ba ya fitowa."

Aka shiga da shi, aka rufe ƙofa.

Hasana ta zauna a benci, ta kasa jingina. Daga ciki tana jin wata na'ura tana ƙara a hankali, ɗit, ɗit, ɗit. Ta riƙe wannan ƙarar kamar igiya. Nura yana yi mata magana, ba ta san me yake cewa ba.

Can sai ƙarar ta canza, ta koma kuka mai tsini. Ta ji muryar Dakta: "Ɗaga masa haɓa! Ƙara iskar. Malam Salisu! Ja numfashi!"

Hasana ta miƙe, mayafinta ya zame. "Innalillahi! Nura, sun kashe shi!"

"Yaya, zauna mana, ki yi addu'a," ya ce.

Ta dafa ƙofar da tafin hannu, bakinta yana ta Hasbunallahu. Ta tuna Nafisa da ta tafi makaranta ba ta ko gaisa da babanta ba. Sai ta ji wani gurnani da ta sani sarai, irin wanda Salisu yake yi in ta zungure shi cikin barci. Na'urar ta koma ɗit, ɗit.

Da Dakta ta fito, da gumi a goshinta.

"Yana lafiya. Numfashinsa ya yi ƙasa na ɗan lokaci, muka buɗe masa hanyar iska ya dawo. Ban ƙara masa ko ɗigo ba, a haka muka gama. Gyambon ciki ne, yana jin magani. Yau kada ya yi tuƙi, kuma kada a bar shi shi kaɗai."

Hasana ta buɗe baki za ta yi godiya, kuka ya riga ta.

Ta same shi kwance a gefe ɗaya, robar iska a hancinsa, idanunsa sun yi ja. Ya dube ta ya daɗe.

"Har yanzu ba su fara ba?"

"An gama, Baban Nafisa."

"An gama?" Ya haɗiye yawu, ya yamutsa fuska. "To, ki tambayar min ita yaushe zan sha kunu."