Aikin da Aka Yi wa Jikan Inna Tun Yana Ciki

Rakiya kawai Inna ta yi wa Auta zuwa asibiti, don mijin Auta yana wurin aiki. Cikin ya kai wata biyar, an ce ta zo a yi hoto. Ana cikin yi, sai mai ɗaukar hoton ta daina hira. Ta goge hannu, ta fita, ta dawo da likita.

Likitar, wata doguwar mata mai tabarau, ta nuna wani ɗan duhu a allon.

"Mama, bayan yaron bai gama haɗewa ba. Lakarsa tana waje, ruwan mahaifa yana lalata ta. In aka jira haihuwa, ƙafafunsa na iya shanyewa. Aiki za mu yi masa."

"In an haife shi ke nan," in ji Inna.

"A'a, tun yana ciki. Mu buɗe mahaifar, mu ɗinke masa bayan, mu rufe, ya ci gaba da zamansa."

Inna ta saki baki. Ta haihu, ta karɓi haihuwar maƙwabta ba adadi, amma ba ta taɓa jin an leƙa ɗa a ciki an ce masa ya jira ba.

Likitar ba ta ɓoye musu komai ba. Naƙuda na iya tasowa kafin lokaci, ana iya rasa yaron, ita ma uwar tana cikin haɗari. Inna ta ɗauki jaka.

"Tashi mu tafi. Ba a farke mini 'ya ina ji ina gani."

"Inna, zan yi," Auta ta ce.

Wannan ya fi maganar likita girgiza ta. Auta fa, wadda allurar zazzaɓi ma sai an danne ta.

Ranar aikin, Inna da surukinta suka zauna a benci ɗaya, su da ko ido ba sa haɗawa. Ya kawo mata ruwa, ta riƙe ba ta sha ba. Da likitar ta fito ta ce zuciya biyu na bugawa lafiya, sai a lokacin Inna ta ɗaga ruwan ta sha.

Yaron bai cika watanninsa ba aka ciro shi, ɗan mitsitsi, sai ƙarfin murya. Likitar ta ce maganar tafiya sai ya girma a gani, ba ta yi alkawari ba.

Da aka sallame su, Inna ta zo yi masa wanka, ta kifa shi a cinyarta. Ga tabon nan a ƙasan bayansa, ya warke sumul, cibiyarsa kuwa ko faɗuwa ba ta yi ba. Ta daɗe tana kallo har ruwan ya huce.

"Auta," ta ce a hankali, "ɗora wani ruwan."