Ruwan da Ya Rage a Injin Arvo

Ranar ashirin da shida ga Oktoba rediyo ya faɗi abin da Lempi Niskala ta yi mako uku tana toshe kunne don kada ta ji: yau ruwa zai daskare. Tana tsaye a kicin da butar kofi a hannu ta leƙa taga. Duk faɗin tafkin babu sauran jirgi sai nasu, yana ɗaure a jikin gadar katakon da suke hawa jirgi ta kanta, tururin safiya ya lulluɓe rabinsa.

A nan arewacin Michigan ko yaro ya san jirgi mai inji ba ya kai tsakiyar Oktoba a ruwa. Injin jirgi ba shi da lagireto, ruwan tafkin yake zuƙa ya sanyaya cikinsa ya furzar ta salansa. Ka bar masa ko cikin kofi ɗaya sanyi ya tarar da shi, ƙanƙarar za ta kumbura ta tsaga ƙarfen, kuma ƙarfen shekara talatin da biyar ba a kanti ake samunsa ba. Lempi ta fi kowa sanin haka, matar makanike ce tun tana 'yar ashirin da biyu. Masu cewa tsufa ne ya sa ta manta, su dai bakinsu ne ba ya gajiya.

Dalilinta yana zaune a bakin tebur yana juya cokali a kofin da babu komai a ciki. Shekara uku ke nan da hankalin mijinta Arvo ya fara zubewa kaɗan-kaɗan. Sunayen maƙwabta suka fara tafiya, sai hanyar coci, sai na 'ya'yansa. Bana kuma ya fara kiran Lempi baiwar Allah, yana yi mata godiya cikin ladabi in ta miƙo masa burodi. Abu ɗaya ne ya rage: in aka tada injin jirgin nan, mutumin yana dawowa. Muddin injin yana kuka, Arvo ya san matarsa, ya san tafkinsa, har tsiyarsa ta dā yana yi. In an kashe, ba ya wuce minti goma ya sake ɓacewa. To, zubar wa inji ruwa kuwa rufe masa baki ne sai Mayu, wata shida cur.

Ƙarar tarakta ta katse mata tunani. Delbert Pascoe ne, maƙwabcinsu, wanda ke fitar wa rabin mutanen tafkin jiragensu kowace kaka, yana kuma yi musu gori kyauta. Ya shigo ba tare da ƙwanƙwasa ƙofa ba, ya wuce kai tsaye wajen butar kofi.

"Lempi, agwagi ma sun tattara sun tafi. Ke kifi kike jira su zo su ɗauke miki jirgin?"

"Kai da naka gwangwanin mai kukan sauro, ai dole ka fitar da shi tun Satumba don kunya."

"Sauron nan dai yana rumfa a bushe. Barka da safiya, Arvo."

Arvo ya ɗaga kai ya yi masa murmushin da ake yi wa baƙo a tasha. Delbert ya kurɓi kofi, ya rage murya.

"Ba wasa nake ba. Yau ne ƙarshe. Tirelar jan jirgi tana waje."

"Ƙarfe uku."

"Rana fa faɗuwa take da wuri."

"Na ce ƙarfe uku, Delbert. Ɗauki burodin nan ka ba ni wuri."

Da hantsi ta sa wa Arvo rigar ulu biyu da hularsa mai kunnuwa, ta riƙe masa hannu suka gangara. Katakon jirgin ja ne mai duhu, yana sheƙi ko a ranar da babu rana. Ta ɗaga murfin inji don iska ta shiga, kamar yadda ya koya mata. Ga shi nan kwance a tsakiya, silinda takwas, irin ƙaramin bulok ɗin da aka ƙera don mota amma aka sake masa hali don ruwa. Kafireta biyu a kansa, bututun hayaƙi masu kauri da ruwa ke bi ta cikinsu a gefe da gefe, jan fentinsa ya dushe a wuraren da hannu ke yawan taɓawa. A shekarar sittin da uku Arvo ya kawo shi a bayan akori-kura, ya ajiye a ɗakin da ta share don jariri, ya yi sati biyu a can. Har yau ba ta gama yafe masa ba, kuma har yau dariya take in ta tuna.

Ta zaunar da Arvo a kujerar gaba, ta taka mai sau biyu, ta murɗa makulli. Injin ya yi tari, ya yi shiru. Ta sake murɗawa. Sai ya kama, da wannan gurnani mai nauyi da ke fitowa ta ƙarƙashin ruwa yana ɓulɓula, wanda mutum ke jinsa a ƙirji kafin ya ji a kunne. Ba ta kalli Arvo ba, ta koyi kada ta kalla. Ta kwance igiya, ta sa giya, suka shiga cikin tururin.

"Lem," in ji shi, "kina ba shi mai kamar kina tsoronsa. Matsa nan."

Ta matsa. Hannunsa ya sauka a kan sitiyari kamar bai taɓa barinsa ba.

Tafkin ya kwanta lumui, babu ko motsi. Gaɓa ta ɓace, gidaje sun ɓace, sai farin tururi da ke buɗe musu hanya yana rufewa a bayansu. Can sama rana ta zama kamar faranti, mutum na iya kallonta ido da ido. Lokaci-lokaci kan wata bishiya mai jan ganye yakan fito shi kaɗai a rataye, babu gindi, ya wuce. Arvo ya tura mai a hankali, kafireta ta biyu ta buɗe, muryar injin ta tashi daga gurnani ta koma wata doguwar waƙa. Goshin jirgin ya ɗaga, ya sauko, sai ga su suna shawagi a saman ruwan ba a cikinsa ba. Sanyi ya sa idonta hawaye, ta bar su suna zuba tunda akwai abin fakewa.

"Ji nan," in ji shi, ya karkata kunne. "Ko kuskure ɗaya babu. Sai dai Delbert ya mutu da baƙin ciki."

"Ya ce agwagi sun fi mu hankali."

"Shi da agwagin ai dangi ne, dubi tafiyarsa." Ya duba gefe, inda tsibiri ya fara bayyana. "Ganye duk ya zube. Wane wata muke ciki?"

"Ƙarshen Oktoba."

"Kin makara, yarinya."

"Na sani."

Akwai tambayoyi a bakinta. Bara da hannunsa ya zubar da ruwan, tana riƙe masa fitila kawai. Bana ita za ta yi, da wata takarda da ya zana mata tuntuni. Ta yi niyyar ta ce ya sake bi mata aikin daki-daki tun yana nan. Amma ta dubi gefen fuskarsa, iska tana kaɗa kunnuwan hularsa, yana murmushi shi kaɗai, sai ta ji ba za ta iya kashe sauran mintocin nan a kan maganar noti ba. Ta sa hannu cikin aljihun rigarsa inda yake da ɗumi.

Suka zaga tsibirin sau biyu. Ya nuna mata dutsen da suka taɓa makalewa da kwandon abinci da surukarta a cikin jirgin, tsohuwar tana addu'a da harshen Finlan, ƙasarsu ta asali, tana zaginsa da Turanci. Ya tambayi labarin 'yarsu Marlys, ya kira sunanta daidai. Ya ce in bazara ta zo zai sake wa gadar katako biyu. Lempi ta ce to. Duk abin da ya faɗa ta ce to, tana jin daɗi da tsoro a haɗe, har allurar mai ta kwanta.

Shi ya kawo jirgin bakin gada, ya jingina shi a hankali ko gogawa bai yi ba. Shi kuma ya kai hannu ga makulli. Ta so ta riƙe hannun, ba ta riƙe ba. Ya kashe injin. Kafin Delbert ya gama shigar da tirela cikin ruwa da baya, Arvo ya koma kallon tafin hannunsa.

Ƙarfe huɗu saura jirgin yana cikin rumfa a kan tirela, ruwa na ɗiga daga cikinsa. Sanyin ya riga ya fara cizo. Ta zaunar da Arvo a kan bokitin da aka kife, ta rufa masa bargo, ta hau jirgin da sifana da takardarta. Noti biyar na tagulla masu toshe ramukan zubar da ruwa takardar ta nuna: biyu a jikin bututun hayaƙi, ɗaya a ƙarƙashin famfon ruwa, biyu a gindin bulok, dama da hagu. Ta durƙusa, gwiwoyinta suna ƙara. Na farko ya kwance, ruwa ya zubo mata a hannu da sauran ɗuminsa. Na biyu haka, na uku haka. Na huɗu ya yi gardama, Delbert ya miƙo hannu ta ture, ta danna da ƙarfinta har ya saki, ruwa ya yi ta tsiyaya kusan rabin bokiti.

Na biyar ya fita ba wuya. Ɗigo uku suka faɗo, sai shiru.

"Shi ke nan," in ji Delbert. "Duk ya bi ta ɗaya gefen ya fita. Sauko mu je ki ba ni abu mai zafi, yatsuna sun mutu."

"Anya? Wancan ya zubar da yawa."

"Jirgin a karkace yake kan tirela, ba ki gani? Lempi, shekara ashirin ina wannan aiki."

"Shekara ashirin kana jan tarakta dai."

Ta duba takardar. Noti biyar, ta cire biyar, babu wani abu kuma a rubuce. Ta gaji, bayanta yana ciwo, kuma zuciyarta tana can tsibiri. Ta fara jawo murfin inji.

"Dakata tukuna."

Arvo ne. Ya tashi, bargon ya zame ƙasa. Ba ita yake kallo ba, ramin notin yake kallo, da fuskar makaniken da ya wuce ta gefen hanya ya ga ana ɓarna. Ya dudduba bangon rumfar, ya zaro wata guntuwar waya daga jikin ƙusa, ya miƙe ta da yatsu. Delbert ya tallafe shi ya hau. Ya kwanta a gefen injin da wuya, ya lalubi ramin ba tare da ya gani ba, ya zura wayar, ya juya, ya sake zurawa.

Wani dunƙulen tsatsa da yashi ya faɗo. Ruwa ya biyo shi da ƙarfi, baƙi ƙirin da farko, sannan ja, sannan fari tas, yana bin hannun rigarsa har gwiwar hannu. Ya daɗe yana zuba. Delbert ya cire hula ya sosa kai. Lempi kuwa ta zauna a gefen jirgin. Duk wannan ruwa da a ciki zai kwana.

Arvo ya jira har ɗigon ƙarshe. Ya bi sauran ramukan huɗu da wayar ɗaya bayan ɗaya, ya tashi zaune yana haki, ya goge hannu a wando. Sannan ya dube ta, kallo mai kirki, irin na mutumin da ya taimaki baƙuwa.

"Baiwar Allah, jirgin naki ne?"

"Na mijina ne."

"To ki faɗa masa ya daina sakaci. Irin wannan inji ba a sake yin sa. Saura kaɗan ya rasa shi yau." Ya dafa jan ƙarfen, wanda ya riga ya huce. "Amma yanzu ba komai, zai kai bazara."

Lempi ta tattara notunan biyar a tafin hannunta, ta damƙe su har suna cin naman hannun.

"Zan faɗa masa," in ji ta. "A watan Mayu zan gan shi."