Raƙumi a Shafin Bokiti

A layin nan ba wanda ke kiransa da sunan yanka. Malam Ƙamus ake ce masa, shi kuma yana amsawa har da gyara zama. Shekara talatin da ɗaya ya yi a maɗaba'a yana farautar kurakurai kafin a buga littafi, kuma abu biyu ya fito da su daga aikin: ciwon baya, da wani shirgegen ƙamus na Turanci mai baƙin bango, wanda in ya faɗo wa mutum a ƙafa sai an kai shi ɗori.

Kullum da la'asar yakan rungumo littafin ya tsallaka titi zuwa shagon mai aski, ya zauna a bencin da ke jikin taga. Duk wanda wata kalma ta shige wa duhu, can yake kai ta. Malam zai buɗe, ya bi layi da yatsa, ya faɗi haruffanta, da ma'anoninta, da inda ta samo asali. In ya rufe littafin, magana ta ƙare. Wannan girman shi ne abin da ya rage masa tun da ya bar aiki, kuma yana ji da shi ba kaɗan ba.

To ga inda gizo ke saƙar. Shekara biyu ke nan idon Malam ya daina ganin ƙananan haruffa. In ya buɗe shafi, sai ya ga kamar tururuwa ce ta watse a kai. Matarsa ta yi maganar tabarau har bakinta ya gaji.

"Ni?" yakan ce mata. "Ni da nake hango waƙafi daga bakin ƙofa?"

Sai ya samo dabara. A gefen littafin akwai 'yan ramuka da aka yanka, kowane harafi da nasa. Yakan ƙirga su da babban yatsa, ya buɗe daidai wurin, ya kafa ido a shafin kamar mai karatu, ya zubo amsar daga ka. Kan kuwa, masha Allah, bai taɓa ba shi kunya ba.

Ran nan ya iske wani baƙo a kujerar aski, direban katafila ne daga aikin hanyar da ake yi a bayan kasuwa, an aske masa rabin kai. Mai gyaran famfo kuma ya shigo ya dire bokitin kayan aikinsa, ƙarfe na ƙara. Mai aski ya ce ya janye masa wannan abin Turawan daga hanya.

"Wane Turawan?" in ji mai famfo. "Bokiti ai kalmarmu ce. Kakata ko ƙofar makaranta ba ta sani ba, amma bokiti take cewa."

"Kakar taka aro ta yi," in ji mai aski.

Direba ya sa baki daga cikin ƙyallen da aka ɗaura masa a wuya. Ya ce su ma a wurin aiki, bakin katafila da ke kwasar ƙasa bokiti injiniyoyi suke ce masa. Musu ya kaure, mai aski na nuni da almakashi, mai famfo na rantsuwa da kabarin kakarsa. Can sai duk suka juyo.

"Malam, raba mu."

Malam ya jawo littafin kan cinyarsa. Kalmomi masu wuya, masu tsawon igiyar shanya, duk suna kansa. Amma bokiti? Wa yake duba bokiti a ƙamus, don Allah? Haruffan ya sani, ma'anar ya sani, asalin kuwa ko a mafarki bai taɓa leƙawa ba.

Ya dai yi ta maza. Ya laluba ramin harafi na biyu, yatsan ya jiƙe da gumi, ya zame zuwa na uku bai sani ba. Ya buɗe, ya gyara murya.

"Haruffa shida ne: b, u, c, k, e, t. Ma'ana ta farko, mazubin ruwa mai mariƙi. Ta biyu, bakin injin haƙa, kamar yadda baƙonmu ya faɗa."

Direba ya yi murmushin wanda aka yaba wa a bainar jama'a.

"Asalin fa?" in ji mai famfo.

Malam ya ja yatsa a hankali, ya shafa wa idonsa toka. "An ce sunan wani maƙeri ne, Bokit. Matarsa ce ta ishe shi da aiken ruwa, kullum sai ya je rafi sau goma da ɗan kofi. Ranar da ya gaji, sai ya ƙera babba ya sa masa hannu."

"Allah sarki, bawan Allah," in ji mai famfo. "Matar ta gode masa kuwa?"

"Ina fa! Cewa ta yi ya ƙera na biyu, tunda hannu biyu gare shi."

Shago ya kwashe da dariya. Daɗin labarin ya ɗebi direba har ya taso da ƙyallensa, gashi na zuba, ya leƙo ta kafaɗar Malam don ya ga maƙerin da idonsa. Ya duba, ya sake dubawa.

"Baba, to me raƙumi yake yi a shafin bokiti?"

Malam ya kalli wani duhu-duhu a ƙasan shafin, wanda tun ɗazu ya ɗauka tabon mai ne.

"Da raƙumi suke ɗauko ruwan," ya ce, muryar ta sirance.

"Amma Baba, nan duk kalmomin da c suka fara."

Kunya ta rufe Malam tun daga kai har ƙafa. Ya ji da ma benci ya tsage ya shige. Shi ke nan, gobe duk layi za a ji cewa Ƙamus makaho ne, kuma maƙaryaci.

Mai aski ya ajiye almakashi. Ya zare tabaransa, ya goge da gefen riga, ya zo ya ɗora wa Malam a hanci ba tare da ya nemi izini ba.

"Yaya, riƙe min wannan, zan wanke fuska."

Malam ya buɗe baki zai yi faɗa, sai idonsa ya sauka a shafin. Tururuwar nan duk ta tsaya cak, ta jeru layi-layi. Ga raƙumi da tozonsa. Ya koma baya, shafi bayan shafi, har ya iso kan kalmar bokiti.

Ya bi layin da yatsa har ƙarshe.

"Babu wani maƙeri. Ni na ƙera shi yanzun nan. Kalmar Turanci ce, mu muka ara. Su ma an ce daga wani tsohon Faransanci ta shigo musu, kuma ana zaton tushenta wata daɗaɗɗiyar kalma ce mai nufin tulu, ko ciki."

Mai aski ya kalli tumbin mai famfo, mai famfo ya ce a kiyaye shi.

"Shekara biyu ba na ganin rubutun nan," in ji Malam, kansa a ƙasa. "Da ka nake karanta muku."

"Mun sani, Yaya," in ji mai aski. "Tun ranar da ka fassara mana kalma guda da littafin a juye."

Malam ya ɗago. "Kuka yi shiru?"

"Kai ma ka san halinka. Da mun faɗa, da ka naɗe littafinka ka daina zuwa. Mu kuma wa zai riƙa raba mu?"

Mai famfo ya ce shi dai har ga Allah ya fi son maƙerin, don ya san irin matar. Malam ya so ya yi dariya. Sai ya sunkuyar da kai ga littafin, wai yana duba wani abu.

Direba ya koma kujera ya shafa ɓangaren da ba a aske ba. "Maigida, a ƙarasa ni mana, zan koma aiki."

Mai aski ya miƙo hannu. "Yaya, tabarauna. In babu shi, kunnen mutumin nan zan cire."

Malam bai ko ɗago ba. Yatsansa ya riga ya gangara kalma ta gaba, leɓɓansa na motsi, ya danne ƙafar tabarau da ɗaya hannun kamar za a ƙwace.

"Ku ɗan dakata," ya ce. "Bari in kai ƙarshen shafin nan."